Magogin Gidan Maitama

Bida, ƙasar Nufe, watan Safar, 1291 bayan Hijira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Mudi ɗan Jibo masassaƙi, zuwa ga taubashina Malam Aƙilu, mai makarantar allo a Gozaki. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyali, da ta Gwaggo in har tana yarda a ambaci sunana a gabanta. Ni ina nan yadda mutum yake in ya haura hamsin a garin da ba nasa ba. Gwiwa na ciwo, shinkafa ta gundure ni, amma ina sassaƙa ƙofofi ina ci.

Bayan haka, takardarka ta iso ta hannun Buba mai fataucin kanwa. Rubutunka bai gyaru ba, har yanzu kamar tururuwa ta faɗa tawada ta fito tana neman gida, amma na gane. Ka ce Maraɗawa sun ƙona ƙauyuka arewa da ku a ranin nan, an kuma yi shela duk mazauna tunga su shiga cikin ganuwa kafin kaka. Ka ce unguwarmu ta masassaƙa ta fara watsewa, ƙanena Shitu ya tura matarsa Hansai da 'ya'yansu cikin gari, shi kuma ya zauna a rumfar aiki ya ce ba ya tashi saboda rantsuwarsa. Sannan ka ce in zo.

Kai ɗan mace ne a gidanmu. Allo ka sani bayan an gama shi, ba a taɓa kwance ƙunshin Tsohuwa a gabanka ba. Bari in gaya maka abin da kake sa baki a kai.

Abin da muke kira Tsohuwa magogin itace ne. Kakanmu Maitama ya samo ta a Birnin Katsina wurin wani Balarabe da ya yi wa jinya, kuma ban ga irinta ba daga Maska har Malumfashi. Jikinta jan itace ne mai nauyi, da tsaga a tsakiya. A tsagar ake zura bakin ƙarfe a danne shi. In gizago ya gama nasa aikin, sai a tura ta bisa allon aduwa, ta riƙa fitar da sassaƙe siriri kamar ɓawon albasa. Shi ya sa alƙalaminka ba ya tuntuɓe a allon gidanmu, kana zaton gwanintarka ce.

Ba a ajiye ta a ƙasa, ba a jingina ta da bango, saboda gara. Cikin fatar akuya take, a rataye jikin ginshiƙin rumfa inda hayaƙi ke kaiwa. Duk Juma'a a shafa wa baki man kaɗe, a goga wa jiki man gyaɗa kaɗan. Mutum ɗaya ke riƙe ta. Ranar da mai riƙon ya rasu, a yago ƙyalle faɗin yatsa biyu daga likkafaninsa a ɗaure ƙunshin da shi, sannan a miƙa wa na gaba. Ƙyalle biyu na bari a kanta, na Kaka da na Baba.

Shekara ashirin da biyu ni ke shiga daji ina saro aduwa, ƙayarta ta gama da tafin ƙafata, Shitu na zaune a inuwa yana gyaran fuskar allo. Da Baba zai cika, ya kira ƙanena ya ɗora masa hannu a kan ƙunshin, ina tsaye riƙe da ƙwaryar kunun da na kawo masa. Ko dubana bai yi ba. Ranar sadakar arba'in, da hantsi ana rabon waina, na shiga rumfa na zare bakin ƙarfen, na mayar da ƙunshin yadda yake, na bi fatake.

Shitu ya cim mini a mararrabar Tsiga. Bai ɗaga murya ba, ka san shi. Ya rantse da Allah ba zai sauke Tsohuwa daga marataya ba, ba zai kuma kwana nesa da ita ba, sai na mayar mata da bakinta da hannuna. Na ce masa to a rumfar nan zai tsufa. A lokacin rantsuwar ba ta da wani nauyi, mutumin da ko Bakori bai taɓa kwana ba.

Kada ka ce ban yi adalci ba. Hannun Shitu ya fi nawa, na sani tun muna samari. Baba bai yi kuskuren zaɓe ba. Abin da ban yafe ba ƙwaryar kunun nan ce. Kuma bakin bai amfane ni ba. Sau uku ina sassaƙa masa jiki a nan Bida, sau uku yana tsalle bisa itace yana cizo.

Ba zan zo ba. Kai ne malami, ka zaunar da shi ka karanta masa hukuncin kaffara. Ya ciyar da miskinai goma, ya sauke ta, ya shiga gari kamar kowa.

Abu ɗaya nake so ka duba mini. Tunda mata sun tashi, wa ke hura wuta a gidan? In hayaƙi ya daina kaiwa ginshiƙin, gara ba ta jiran kaka.

Ka gai da Hansai. Wassalam, daga Mudi.


Bida, watan Jimada Awwal

Zuwa ga Malam Aƙilu, ɗan Gwaggona. Gaisuwa da fatan shuka ta kama, kuna lafiya kai da duk wanda ke ƙarƙashinka.

Bayan haka, amsarka ta zo, kuma ban yi mamaki ba. Ka ce ka kai masa littafi har rumfa, ya saurare ka har ƙarshe, ya ba ka ruwa, sannan ya ce kaffara ta wanda ya kasa ce, shi bai kasa ba tukuna. Wannan Shitu ne sak. Ka ce yanzu shi kaɗai ya rage a unguwar, maƙwabcin ƙarshe har ƙyauren ƙofarsa ya cire ya tafi da shi, kuma kullum Shitu na hura ɗanyen itace a gindin ginshiƙin don hayaƙi, ko ba abin da zai dafa. Ka ce ciyawa ta rufe hanyar rijiya. Ban so ka rubuta wannan ba.

Shekaranjiya na shiga kasuwa neman man kaɗe, na bi ta rumfunan da ake tsayar da bayi. Ba na bi ta nan, hanya ce ta toshe. Sai na ji wata mace tana yi wa 'yarta faɗa da irin harshenmu, har da yadda muke jan ƙarshen magana. Na tsaya na gaishe ta. Daga wani ƙauye take arewa da Malumfashi. Ta ce suna cikin sussuka dawakai suka fito daga cikin karan dawa, ko ƙura ba su gani ba. Ta ce an faɗa musu su shiga birni, mijinta ya ce sai ya gama cika rumbu. Ban tambaye ta ina mijin yake ba.

Na koma gida na kasa riƙe gizago ranar.

Ga bakin Tsohuwa nan na ba Buba. Na shafe shi da mai, na naɗe da fata biyu, na ce masa in ruwa ya kama su ya fara rufe shi kafin kayansa. Shekara tara yana cikin jakar da nake matashi da ita, Juma'a ɗaya ban tsallake shafa masa mai ba, ka faɗa wa Shitu wannan. Ka kai masa da kanka. Ni na aiko Buba, saboda haka hannun Buba hannuna ne, kuma ka nemo wa wannan magana hujja a littattafanka. In babu, ka ɗaure fuska ka faɗe ta kamar akwai, ai ba yau ka fara ba.

Ba neman gafara nake yi ba, kada ka ƙara mini gishiri. Ya karɓi ƙarfensa, ya sauke kayansa, ya shiga ganuwa kafin dawa ta yi kai. Shi ke nan abin da ke tsakaninmu.

Allah Ya tsare ku. Naka, Mudi.


Wushishi, bakin Kogin Kaduna, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Malam Aƙilu. Sallama da gaisuwa, da fatan takardar nan ta same ku yadda nake roƙon Allah ta same ku.

Ka ga inda nake rubutowa, ka san na taso. Amma sai na faɗa maka gaskiyar yadda aka yi, don kada ka yabe ni a banza.

Buba ya dawo mini da bakin a watan Rajab. Ya ce Shitu ya karɓa da hannu biyu, ya kwana uku da shi, sannan ya mayar ya ce a gaya wa Yaya shi hannun Yaya ya ambata, kuma ya san hannun, yana da tabon ƙaya a gindin babban yatsa. Da na kwance fatar sai na ga abin da ya yi a kwana ukun. Ashe duk shekarun nan ina wasa bakin a karkace, gefen dama ya fi ci, ban taɓa lura ba. Shitu ya daidaita shi a dutse, ya wasa shi har yana aske gashin hannu. Ka duba, Aƙilu. Ƙarfen na hannunsa, Tsohuwa na rataye bisa kansa, kamu ɗaya tsakaninsu, bai haɗa su ba. Ya gyara mini kuskurena ya mayar mini.

Na yi fushi irin wanda ban yi ba tun mutuwar Baba. Buba ya koma arewa ban ba shi ko gaisuwa ba. Kwana ashirin na zauna ina cewa ya mutu da taurin kansa. Ka riƙe wannan lissafin kwanakin, ni ma ina riƙe da shi. A rana ta ashirin da ɗaya na sayar da tabarmata na bi ayarin masu goro.

Yau kwananmu goma sha ɗaya a nan. Kogi ya cika ya shanye gaɓa, madugu ya ce ba zai jefa jakuna ba sai ya ga wani dutse da yake auna ruwa da shi ya fito. Ni kaɗai kuma ba zan iya dajin Gwari da wannan gwiwa ba. Kullum da safe ina zuwa duba dutsen. Jiya wani tsohon mai fito ya gan ni, ya ce in daina ɗoki, ruwan da nake jira ya janye shi masu dawakai ma suke jira a can arewa. Bai san abin da ya faɗa mini ba. A tsallake ina hango dawa ta sunkuyar da kai.

Yanzu ka karanta wannan da kyau, don shi ya sa na biya wani ɗan aike mai saurin ƙafa da zai haye kogin bisa gora yau. Zaman banza ya sa na yi ta juya rantsuwar a kaina kalma kalma. Ya ce ba zai sauke ta daga marataya ba, ya ce ba zai kwana nesa da ita ba. Bai ce ginshiƙin ba zai tashi ba. Ka nemi ƙarti huɗu, ku tokare rufin rumfar, ku tuge ginshiƙin gaba ɗaya da Tsohuwa a rataye, ku kafa shi a tsakar gidanka cikin ganuwa. Shitu ya bi ta ya kwana a gindinta. Rantsuwarsa ba ta taɓu ba, ni kuma in tarar da shi a can in yi abin da ya ce.

Shekara tara wannan dabara na gabanmu, da kai mai littafi da ni mai gatari, ba wanda ya gani. Kada ku jira Juma'a, kada ku jira a gama girbi. Ranar da takardar ta iso, ranar za ku yi.

Ka ce masa ina tafe da hannun mai tabon.

Mudi.


Zango a gabashin Birnin Gwari, ashirin da biyu ga Ramadan

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Aƙilu. Gaisuwa, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Ba zan tambayi sauran ba.

Jiya da la'asar ayarinmu ya haɗu da na su Buba a wannan zango. Ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya tambayi hanya, ya sake tambayar gwiwa. Na miƙa hannu in karɓi takardarka, ya ce ba ka ba shi takarda ba. Sai ya kwance wani dogon kaya daga bayan jakinsa, zai ajiye a gabana. Na ga fatar akuyar, na yi wuf na tare kafin ta taɓa ƙasa. Hannuna ne ya yi wannan, hankalina bai iso ba tukuna. Sai da ta zauna a cinyata na dubi ɗaurin. Ƙyallen Kaka ya yi baƙi kamar yadda na san shi. Na Baba ya yi ja da hayaƙi. Na ukun fari ne tas, bakinsa ko zare bai fara saki ba.

Na gode da ba ka rubuta ba. Ka yi yadda ake yi a gidanmu, kai da nake cewa ɗan mace.

Bayan mun sha ruwa Buba ya ba ni labarin. Ya ce takardata ta iso ranar Laraba, ka tafi da ita rumfa a ranar. Ya ce Shitu ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe kan Yaya na aiki in aka jiƙa shi a bakin kogi. Ya yarda. Amma ya ce tunda baƙo na tafe, ba za ta shiga gari da ƙurar mako ba, a bari ya shafa mata man Juma'a, Asabar a tuge ginshiƙi. Buba ya ce ka yi wa Shitu faɗa ka gaji. Ba na ganin laifinka. Kai kwana uku ka ba shi. Ni ashirin na ci a Bida.

Ya ce da hantsin Juma'a Maraɗawa suka zo, masu girbi suka watsar da lauje suka yi ganuwa, aka rufe ƙofa. Daga kan ganuwa kuka hango hayaƙin unguwarmu. Da kuka fita da yamma, kun tarar da rumfar ta zama toka, Shitu kuma a waje kusa da rijiya da sukan mashi a haƙarƙari, yana kife bisa guntun itace. Ashe da wuta ta kama rufi bai sauke ta ba. Gatari ya ɗauka ya sare ginshiƙin sama da ƙasa, ya fito da ita a rataye yadda take. Na duba saran. Sara shida a sama, biyar a ƙasa, ba ɗaya da ya kauce. Wuta na bisa kansa ya yi wannan.

Kuma haka ka aiko mini ita, da guntun ginshiƙin da maratayar, igiyar ba a kwance ba.

Yau da safe na roƙi Buba ya riƙe mini guntun a tsaye. Na kwance ƙyallen uku ɗaya bayan ɗaya, na buɗe fatar tana rataye. Gefe ɗaya na jikinta ya ɗan babbake, sauran yana ƙyalli da mai. Ya riga ya shafa mata kafin su zo. Gara ba ta taɓa ta ba ko da ƙwayar gero. Na zura bakin a tsagarsa da hannuna, na danne, ya zauna kamar jiya aka cire shi. Sannan na sauke ta daga marataya. Na tura ta bisa guntun ginshiƙin, don ba ni da wani itace. Sassaƙe ya fito siriri, bai tsinke ba daga farko har ƙarshe. Washin Shitu ne, ba nawa ba.

Ka je kabarinsa ka gaya masa ya fita daga rantsuwa. Na san za ka ce mamaci addu'a yake bukata ba saƙo ba. Ka yi duka biyun.

Ina tafe, kwana shida ko bakwai in gwiwa ta yarda. Ka yi wa Hansai gaisuwar da ban san yadda zan rubuta ba, ka ce mata ba sai ta fito ta gan ni ba in ba ta so. Ka nemar mini wuri cikin gari inda zan kafa ginshiƙi kusa da murhu. Zan zauna da 'ya'yan Shitu har in ga wanda hannunsa ya fi, shi za a ba, ko babba ne ko ƙarami. Ƙyalle na huɗu kai za ka yaga, don na ga ka iya. Ranar da zan ɗora wa ɗaya hannu a ƙunshin, in ƙarfina ya kasa, ka juya mini kaina in dubi wanda ke tsaye.

Allah Ya jiƙan Shitu ɗan Jibo. Wassalam, daga yayansa, Mudi.